Layin Dogo Ba Na Jam'iyya Ba Ne

Duk ranar da aka ba mu hutu, ni da 'yan'uwana na Sanyinna mota muke shiga, a cusa mu tare da buhunan albasa har mu kai gida. Yawancinmu ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto. Dalili kuwa shi ne layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya ya bi ta Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba. Har yau jirgi bai shigo Sakkwato ba.

Wannan ne ya sa na bi diddigin ra'ayin Rotimi Amaechi, wanda ya riƙe muƙamin Ministan Sufuri daga 2015 zuwa 2022. Ra'ayinsa a taƙaice shi ne, aikin jirgin ƙasa ya fi wa'adin gwamnati ɗaya tsawo, saboda haka wanda ya hau ya ƙarasa abin da ya tarar, ko da abokin hamayyarsa ne ya fara.

Ga misali. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, an fara gina shi a 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan na PDP. Shugaba Muhammadu Buhari na APC ne ya buɗe shi a watan Yuli na 2016. To, Amaechi shi ne ya jagoranci yaƙin neman zaɓen da ya kayar da Jonathan a 2015, kuma kowa ya san ba sa ga-maciji da juna. Duk da haka ya fito fili ya ce mafi yawan aikin a zamanin Jonathan aka yi shi. Layin Itakpe zuwa Warri kuwa tun 1987 aka fara shi, ba a buɗe ba sai 2020, wato shekara 33. A shekarar ne aka sa wa babbar tashar Agbor da ke kan layin sunan Jonathan.

Amma akwai inda ban yarda da minista ba. Yawancin kuɗin layin Abuja zuwa Kaduna rance ne daga ƙasar Sin. A 2020 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya fara binciken sharuɗɗan rancen, sai Amaechi ya roƙi a dakata, wai kada Sinawa su ji tsoro su fasa ba da sauran kuɗin. Shugaban kwamitin ɗan PDP ne, har minista ya zarge shi da sa siyasa a cikin maganar. Ni a ganina haɗin kai ba shi ne a yi shiru ba. Bashin nan mu da muke aji yau ne za mu biya shi idan muka fara aiki. Ashe ba laifi ba ne wakilanmu su tambayi abin da aka sa wa hannu.

Haɗin kan da ya fi burge ni shi ne na 2023. Da can gwamnatin tarayya kaɗai ke da ikon gina layin dogo. Kafin a canza wannan a tsarin mulki, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ta ƙasa sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su amince. Jam'iyya ɗaya ba ta iya ɗaukar wannan kaya ita kaɗai. Aka haɗu aka yi, Buhari ya sa hannu a watan Maris na 2023. Mu mutanen Kebbe da Tambuwal ba baƙi ba ne ga irin wannan, domin wakilinmu Aminu Waziri Tambuwal da ƙuri'un 'yan adawa ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2011.

Yanzu dai doka ta ba jihohin Sakkwato da Zamfara da Kebbi dama kowace ta gina layin dogo a cikin iyakokinta. Aiki ne da zai ci kuɗi masu yawa, kuma da wuya gwamna ɗaya ya fara ya gama. Iyayenmu masu noman albasa da shinkafa, idan 'yan takara suka zo neman ƙuri'a, ya kamata ku tambaye su abu ɗaya: in kun tarar da aikin da wata jam'iyya ta fara, za ku ƙarasa ko za ku bar shi ciyawa ta cinye?