Takin Masara: Nauyin Buhu Ɗaya, Aiki Daban-Daban

Da yawa daga cikin masarar da matanmu na Aboabo da Asawase ke tuƙa tuwo da ita daga Ejura da Techiman da Nkoranza take fitowa, kuma wasu daga cikin fataken da ke sayo ta su ne ke kai wa manoman taki, wani lokaci ma bashi, a biya da hatsi bayan girbi. Ke nan irin takin da aka zuba a gona ba ruwan manomi ne shi kaɗai ba, domin in ƙasa ta gaji, mai bin bashi ma sai ya ji a jikinsa.

Bari mu fara da lissafi, tunda da 'yan kasuwa muke magana. Sinadarin naitrojin shi ne ke sa ganyen masara ya yi kore shar. Buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50, wanda 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira kamfa, yana ɗauke da kilo 7.5 na wannan sinadari, tare da fosfaras da fotash. Buhun amoniya yana da kilo 10.5, na yuriya kuwa kilo 23. Wato buhun amoniya biyu ba su kai na yuriya ɗaya ba, kodayake kuɗin mota da na ɗan dako duk ɗaya ne a kan kowane buhu.

Sai dai yuriya tana da nata halin. In aka watsa ta a bisa ƙasa rana ta buga, wani kaso yakan bi iska, shi ya sa malaman gona ke cewa a tona rami gefen shuka a binne. A shago ma tana jan laima ta dunƙule. Amoniya kuma tana da sinadarin salfa da masara ke buƙata, amma ita ce kan gaba wajen sa ƙasa tsami, aƙalla ninki biyu na abin da yuriya ke yi. Ba a ganin wannan a shekarar farko. Sannu a hankali saiwa ke daina nutsawa, fosfaras ya maƙale a ƙasa shuka ba ta iya sha, sai ka ji manomi na cewa takin bana jabu ne, alhali gonar ce ta canza. A yankin kurmi, inda yawan ruwan sama ya riga ya wanke ƙasa, abin ya fi saurin bayyana.

A nan ne kashin kaji ke shigowa, ga shi kuwa jibge a gidajen kaji na kewayen Kumasi da Dormaa Ahenkro, kusa da iyakar Kwaddibuwa. Ƙarfinsa bai kama ƙafar takin zamani ba, sai an loda mota kafin a wadata eka guda, ɗanyensa kuma yana ƙona shuka in ba a bari ya ruɓe ba. Amma yana sa ƙasa ta riƙe ruwa, yana rage tsami, amfaninsa kuma kan kai wata damina. Masana na Cibiyar Binciken Ƙasa da ke Kwadaso da ta Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua, wadda ta fitar da irin masarar Obatanpa a 1992, sun daɗe suna ba da shawarar a haɗa biyun.

Idan mai karatu bai manta ba, gwamnatin Ghana ta soma rangwamen taki a 2008, ta faɗaɗa shi a 2017 ƙarƙashin shirin PFJ, kafin a 2023 a mayar da shi tsarin ba da kayan noma bashi, bayan tashin farashin da ya biyo yaƙin Rasha da Yukren a 2022. Duk tsawon waɗannan shekaru, a rediyo da majalisun hira, zancen farashi da fasa-ƙwaurin taki zuwa Burkina Faso da Togo muka fi yi. Mu 'yan jarida da 'yan siyasa ba kasafai muka tambayi halin da ƙasar kanta ke ciki ba.

Ga masu sayarwa a Paga, Bawku ko Hamile, akwai abin lura. In aka farke buhu ana aunawa da olonka, mai saye ba ya ganin lambobin da ke jikinsa, don haka haƙƙin mai shago ne ya faɗa masa wane iri ya auna. Dokar Tsirrai da Taki ta 2010 ma ta wajabta wa duk mai sana'ar taki a Ghana ya yi rajista da Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona.