Jibo Bakari da Yaƙin Sawaba a Ƙasar Ƙonni

Duk wanda ya san Birnin Ƙonni ya san iyaka ba ta da nisa. Daga tsakiyar gari zuwa Illela ta Nijeriya tafiyar ƴan kilomita ce. Mutanen wannan gefe da na wancan gefe dangi ne, harshensu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya. Ta wannan iyaka ce, a farkon watan Oktoba na 1964, lokacin kaka, waɗansu mutane ɗauke da bindigogi suka ƙetaro da nufin tumɓuke gwamnatin Jori Hamani. Ƴan jam'iyyar Sawaba ne. Shugaban da ya turo su, Jibo Bakari, yana zaman gudun hijira a Ghana a lokacin. Abin da yawancin matasa ba su sani ba shi ne, a nan Ƙonni wannan mutum ya fara aikin koyarwa, sama da shekara ashirin kafin wannan rana.

To, mene ne ya kai malamin makaranta ga neman mulki da bindiga? Kuma me ya sa abin ya watse cikin ƴan makonni? Sai mun bi rayuwarsa daga tushe za mu gane.

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Garinsu ɗaya da Jori Hamani, kuma ƴan'uwa ne na jini. Yana yaro aka kawo shi Tawa, inda ya shiga makaranta. Daga baya ya sami shiga makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, wadda ta yaye da yawa daga cikin shugabannin farko na ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Faransa. Da ya gama aka turo shi Birnin Ƙonni, daga nan aka mai da shi Agadas. Zamanin aikin tilas ne da haraji mai nauyi, lokacin da kumandan ke da ikon kulle mutum ba tare da shari'a ba. Ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. Abin da idonsa ya gani a waɗannan garuruwa shi ya ja shi cikin siyasa.

A 1946 aka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen RDA a Nijar. Jibo ya zama babban sakatarenta, Jori kuma ya zama wakilin Nijar a majalisar Faransa. Sun yi tafiya tare har 1950, lokacin da shugaban RDA, Houphouët-Boigny, ya yanke hulɗa da jam'iyyar kwaminis ta Faransa don ya sasanta da masu mulki. Jori ya bi shi, Jibo ya ƙi. Nan hanya ta rabu. Jibo ya koma wajen ma'aikata, yana shirya su cikin ƙungiyoyin ƙwadago. A 1954 ya kafa tasa jam'iyya, UDN, wadda daga baya jama'a suka san ta da sunan Sawaba. Alamarta raƙumi, ta RDA kuma giwa.

Kalmar sawaba ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: sauƙi ne bayan wahala. Ita ce kuma kalmar da jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta riƙe a Arewacin Nijeriya tun 1950. Ƙarfin Sawaba yana wurin ƙananan mutanen gari: direbobi da yaran mota, teloli, kafintoci, magina, ƴan tireda, masinjojin ofis. Mutane ne masu yawo, waɗanda ke ɗaukar labari daga tasha zuwa tasha, daga kasuwa zuwa kasuwa. Da goyon bayansu Jibo ya zama magajin garin Yamai a 1956. A zaɓen watan Maris na 1957, bayan ya haɗa kai da jam'iyyar BNA mai goyon bayan sarakuna, ɓangarensa ya ci kujera 41 cikin 60. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci gwamnati a Nijar, yana da shekara 35.

Mulkin bai daɗe ba. A 1958 Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama: wanda ya ce "i" zai zauna cikin tarayya da Faransa, wanda ya ce "a'a" zai karɓi ƴancinsa nan take. A Afirka ta Yamma, shugabannin gwamnati biyu ne suka nemi jama'arsu su ce "a'a": Seku Ture a Gini da Jibo Bakari a Nijar. Faransa ta saki Gini, amma ba ta yarda ta saki Nijar ba. Dalilin a fili yake: muna iyaka da Aljeriya, inda take fama da yaƙi tun 1954, kuma a 1957 an gano ma'adinin uraniyom a Azelik. Sai aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya sa ƙarfin hukuma duka a bayan masu cewa "i". Sarakuna da yawa sun juya wa Jibo baya, don kuwa gwamnatinsa ta riga ta tuɓe waɗansu daga cikinsu. Ran 28 ga Satumba 1958 aka kaɗa ƙuri'a. Sakamakon da aka bayyana ya ba masu "i" wajen kashi 78 cikin 100, kuma mafi yawan waɗanda aka rubuta ba su fito ba. Jibo ya sauka a watan Oktoba. A watan Disamba aka sake zaɓe, Jori ya karɓi gwamnati. A watan Oktoba na 1959 aka haramta Sawaba, Jibo kuwa ya riga ya bar ƙasa. Da aka sami ƴanci ran 3 ga Agusta 1960, mutumin da ya fara neman sa yana gudun hijira a Bamako.

Daga nan ƙofar zaɓe ta rufe, jam'iyya ɗaya ta rage a ƙasa. Ƴan Sawaba da suka zauna gida suka shiga ɓoyo, waɗansu aka kulle, waɗansu aka raba su da aikinsu. Ruwa ba ya tsami banza: wannan ƙunci ne ya sa shugabannin da ke waje suka yanke shawarar ɗaukar makami. Suka riƙa fitar da samari a ɓoye. Waɗansu an tura su karatu ƙasashen gabashin Turai, waɗansu kuma koyon yaƙin sari-ka-noƙe a Sin, da Biyetnam ta Arewa, da Aljeriya. A Ghana, Kwame Nkrumah ya ba su sansani. A Kano da sauran garuruwan Arewa suna da masauki wurin ƴan NEPU, amma gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello tana tare da Jori.

A ƙarshen watan Satumba na 1964 shugabannin Sawaba suka yi kira ga jama'a su tashi. Mayaƙan, waɗanda ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, suka rabu ƙungiya-ƙungiya, suka shigo ta wurare da dama, tun daga Tera a yamma har Boso a bakin tafkin Cadi. Ƙungiyar da ta nufo ƙasar Ƙonni tana ƙarƙashin Danduna Abubakar, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago. Sun zaci da zarar an ga bindigogi talakawa za su bi su. Ba haka aka yi ba. Gwamnati ta riga ta sami labari, ta kuma sa sarakuna da ƴan banga na jam'iyya su tara mutanen ƙauyuka da baka da kibiya da sanduna. A Dibisu, kusa da Ƙonni, aka kashe Danduna. Aka ɗauki gawarsa aka kai Yamai, aka ajiye ta a fili don jama'a su gani su ji tsoro. Ran 13 ga Oktoba aka harbe mayaƙa huɗu a bainar jama'a a Yamai. Kafin shekara ta ƙare an karya lagon tawayen.

Yunƙurin da ya fi tayar da hankali ya zo ran 13 ga Afirilu 1965, ranar Babbar Salla. Wani ɗan Sawaba, Amadu Diop, ya jefa gurneti a filin idi na Yamai da nufin kashe Jori. Shugaban ya tsira, amma yaro ƙarami ya rasa ransa, waɗansu suka ji rauni. Kame ya ƙaru. Aka cika gidajen kaso na Tilaberi da Agadas da Bilma, har da mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba, laifinsu kawai an san su da raƙumi. Waɗansu ba su fito da rai ba. Da sojoji suka kifar da Nkrumah ran 24 ga Fabrairu 1966, Sawaba ta rasa sansaninta, Jibo ya koma Konakiri.

Domin mu auna wannan al'amari da kyau, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa inda aka yi irinsa, wato Filifin, tsibiran da ke gabashin Asiya. A can an yi wani mutum mai suna Luis Taruc, wanda aka haifa a 1913, ɗan manoman da ke noma gonar masu ƙasa suna raba amfani da su. Ya yi aikin tela kafin ya shiga ƙungiyar manoma. A watan Maris na 1942, da Japan ta mamaye ƙasarsu, ya zama shugaban rundunar sari-ka-noƙe ta ƴan kwaminis da ake kira Hukbalahap, ko Huk a taƙaice. Bayan yaƙi ya tsaya zaɓe a 1946 ya ci, amma aka hana shi da abokansa zama kan kujerunsu a majalisa. Sai ya koma daji. Kun ga inda labarinsa ya yi kama da na Jibo: dukansu biyu sun bi hanyar ƙuri'a tukuna, sai da aka toshe ta suka juya ga bindiga.

Amma akwai bambanci babba. Taruc bai bar ƙasarsa ba. Yana cikin manoman tsakiyar tsibirin Luzon, su ke ciyar da mayaƙansa, su ke ɓoye su, su ke kawo musu labarin soja. Shi ya sa tawayensa ya yi shekara takwas. Da Ramon Magsaysay ya zama ministan tsaro a 1950, ya gyara halin soja, ya yi wa manoma alkawarin filaye, sai ƙauyuka suka fara janye jiki, ƙarfin Huk ya riƙa raguwa. A watan Mayu na 1954 Taruc ya miƙa wuya. Ya zauna kurkuku har 1968 da aka yi masa afuwa, ya rasu a 2005.

Ƴan Sawaba kuwa daga waje suka zo, bayan shekara biyar ba a gan su ba. Shugabanninsu na Akara sun dogara da labarin da ake aika musu cewa ƙasa ta nuna, jira kawai take. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Gaskiya ne mutane da yawa sun gaji da haraji da cin zalin ƴan banga, amma gajiya daban, shirin mutuwa daban. Manomin Ƙonni yana da gero a gona, yana da iyali, kuma ya san mai bindiga zai wuce, hakimi da jandarma su za su zauna. Koyarwar da mayaƙan suka samo a Sin tana kwatanta mai yaƙin sari-ka-noƙe da kifi, jama'a kuma da ruwa. A watan Oktoba na 1964 ruwan bai kai ya ɓoye kifin ba.

Sauran rayuwar Jibo ta bi hanyar da ta masu irin wannan gwagwarmaya ta saba bi. Bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 15 ga Afirilu 1974, an saki fursunonin siyasa, shi ma ya dawo gida. A watan Agusta na 1975 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, ya yi shekaru a tsare. Da aka koma siyasar jam'iyyu bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, ya farfaɗo da Sawaba, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993. Ƙuri'un da ya samu ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Zamani ya wuce, waɗanda suka san raƙumi sun tsufa. Ya rasu a Yamai ran 16 ga Afirilu 1998. A 2021 aka buɗe gada kan kogin Kwara a Farie, aka sa mata sunansa.

Ra'ayin mutane a kansa ya rabu har yanzu. Waɗansu suna ganinsa gwarzon ƴanci da Faransa ta zalunta, waɗansu suna ɗora masa alhakin samarin da aka tura mutuwa ba shiri. Kowane ɓangare yana da abin kafa hujja. Abin da babu gardama a kai shi ne, waɗanda suka fi shan wuyar rikicin ba su ne shugabanni ba. Teloli ne da kafintoci da yaran mota, da manoman da aka tilasta wa farautar ƴan'uwansu, da yaron da ya je sallar idi bai dawo ba. Wanda ya toshe hanyar ƙuri'a yana da nasa kason alhaki, wanda ya aiko da bindiga daga nesa shi ma yana da nasa.

An daɗe ba a faɗin wannan labari sai a cikin ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya yi shekaru yana hira da tsofaffin ƴan Sawaba, ya fitar da babban littafi a 2013, amma da Turanci ya rubuta shi. Yanzu saurayin da ke da shekara 20 a 1964 ya haura 80. A Ƙonni da Malbaza da Illela ta Adar akwai sauran dattawa, maza da mata, da suka ga wannan zamani da idonsu, na giwa da na raƙumi. Ku da kuka koyi karatu da rubutu da harshenku, ku sami littafi da alƙalami, ku zauna gabansu da ladabi, ku rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, da sunan gari da shekara, ba ƙari ba ragi. Malaman makaranta da ma'aikatan hukuma su taimaka a adana abin da aka tara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.