Ko Kun Sani? "You" Asalinta Jam'i Ce

Kalmar "you" ta Turanci tun asali jam'i ce, daidai da "ku" a Hausa. Shi ya sa har gobe ake cewa "you are" ko da yaro ɗaya tilo ake yi wa magana. Ɗan firamare a Ɗambatta ko Bichi da ya rubuta "you is", malami ya zabga masa jan biro, ai lissafinsa bai ɓata ba, tarihi ne ya yi masa ƙafar ungulu.

Da can Turawan Ingila suna da "thou" ta mutum ɗaya. Sai aka soma kiran manya da "you" don girmamawa, kamar yadda za ka tarar da dattijo a bakin gona ka ce, "Baba, kun tashi lafiya?" Kowa kuma yana son girma. A hankali "thou" ta koma ta raini, zuwa ƙarshen ƙarni na 17 ta kusa ɓacewa daga bakin mutanen Landan.

Mu dai muna nan da kai, ke da ku. Turancin buroka kuwa ya toshe giɓin jam'in "you" da "una", wadda ya aro daga "unu" ta Ibo.