Birni na Cin Gona: Ina Za Mu Shuka Gobe?

A shekarar 1960, lokacin da Nijar ta samu mulkin kai, mutanen Yamai kimanin 30,000 ne. Ƙidayar 1988 ta iske kusan 400,000, ta 2012 kuwa ta haura miliyan ɗaya. Kowane sabon iyali yana bukatar gida, kuma galibi bisa gonar hatsi ake aza tubalinsa.

Tun 1965 hukuma ta soma dashen dogon yaro a gefen Yamai. An tsara wata ɗamarar itatuwa mai tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita ɗaya, wato hekta 2,500, don ta tare iska da ƙura. Daga baya birni ya cim mata har ya tsallake ta. An yanka filaye a cikinta, an sare itatuwa da yawa.

Shin ana iya sanin gonar da birni zai ci tun kafin ya iso? Ƙwarai kuwa. Masana suna jera hotunan da tauraron ɗan adam ya ɗauka a shekaru daban-daban, su auna faɗin da gine-gine suka ƙara. Sannan su dubi yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta nuna al'ummar ƙasarmu na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara. In haka ta ɗore, mutane za su ninka cikin shekara 18. Daga nan sai su dubi hanyoyin mota, domin gini hanya yake bi. Gonar da ke bakin kwalta, a shimfiɗaɗɗen wuri, ita ce ta fari a shiga birni.

Illar ba ta tsaya ga abinci ba. In an sare daji, icen girki zai yi nisa, ya yi tsada. In an gina fadama, ruwa zai rasa mafita, ya kwanta cikin unguwa, sauro ya samu wurin haihuwa. Ambaliyar 2020 ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa a unguwannin bakin kogi na Yamai.

Ƴan uwa manoma na kewayen Maraɗi, Damagaram da Tawa, tun ran gini ran zane. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye. Ku je ku yi wa gonakinku takarda. Ku nemi magajin gari ya nuna muku taswirar yanka filaye, ku buƙaci a keɓe fadamu, burtali da makiyaya. Kafin ka sayar da gonar gado, ka tuna kuɗin fili sau ɗaya ake karɓarsu, gona kuwa kowace damina tana cika rumbu.