Ko Kun Sani? Salwar Daji Tana Ƙetare Teku

Salwar daji ba ta wuce cikin tafin hannu ba, nauyinta kamar giram 100 ne, kuma ba ta sauka kan itace. Duk rayuwarta a ƙasa take, cikin ciyawa da gonakin alkama, tana tsintar ƙwayoyin ciyawa da ƙwari. In ta ji motsi sai ta lafe. Gashinta ruwan ƙasa ne mai zane-zane, har sai ka kusa taka ta kafin ta tashi fir, ta sake faɗawa ciyawa nan kusa.

Amma wannan mai ƙyuyar tashi, da sanyi ya kawo kai a Turai, sai ta kama hanya cikin dare, ta ƙetare Bahar Rum, wasu har da Sahara zuwa yankin Sahel. A gajiye take isa gaɓar Masar, inda maharba ke jiranta da raga. Aikin maharban ba na jarumta ba ne, gaskiya.

Sheƙarta ɗan rami ne a ƙasa. Takan zuba ƙwai wajen goma, ta kwanta kwana 17 zuwa 20. 'Yan tsakin kuwa, ranar ƙyanƙyasa suke bin uwarsu kiwo.