Kalmomin da Mai Jego ke Faɗin Damuwarta da Su

Nufin wannan takarda shi ne duba kalmomin da mai jego ta ke bayyana damuwar ranta da su, da waɗanda a ke amsa mata da su. Al'amarin ya shafi masu nazarin harshe, gama wanda zai ba mai jego shawara ba shi da allura ko ƙwaya, magana ce kaɗai kayan aikinsa.

Da fari dai, abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mata 100 da suka haihu, wajen 13 su kan gamu da larurar rai, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa 20. Likitoci sun kasa abin kashi uku. Na farko shi ne yawan kuka da saurin fushi a kwanakin farko, ya kan wuce da kansa kafin mako biyu. Na biyu shi ne ƙuncin da ya zarce mako biyu, mace ta daina jin daɗin kome, barci ya ƙi zuwa ko da jariri ya yi barci, ta riƙa ganin ita ba uwar kirki ba ce. Na uku ruɗewa ce, ta kan sami mace 1 ko 2 cikin 1,000, ta riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu. Wannan sai asibiti, ba tare da jinkiri ba.

To, kashi na ukun yana da sunaye a Hausa: hauka, taɓin hankali, wasu ma su ce iskoki. Amma na biyun, wanda ya fi bukatar shawara, ba shi da tsayayyen suna. Kalmar damuwa ta yi faɗi, gama mai bashi ma yana cikin damuwa. Baƙin ciki kuwa ma'anarsa biyu, don in an ce wane yana yi wa wane baƙin ciki, hassada a ke nufi, sa'an nan duk wadda ta ambace shi za a tambaye ta, "Me aka yi miki?" alhali ba wanda ya yi mata kome. Hauka kuma ta yi nauyi, tambari ce da ke bin zuri'a har wajen neman aure. Saboda haka mace ta kan zaɓi yin shiru.

In ta yi magana, da jiki ta ke yi. Sai ta ce gabanta na faɗuwa, ko kanta ya yi nauyi, ko zuciyarta ba ta mata daɗi. A nan akwai haɗari, domin zuciya a Hausa ita ce tsokar da ke bugawa a ƙirji, ita ce kuma mazaunin tunani. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun bayyana yawan gazawar zuciya a wurin masu jego, suka kuma danganta ta da wankan ruwan zafi da kunun kanwa. Ke nan wanda ya ji "zuciyata" lalle ne ya bincika wace zuciyar a ke nufi. In akwai haki da kumburin ƙafafu, likita za a nema nan take. In tunani ne ya hana barci, zama za a yi a saurara.

Har wa yau akwai kunya. Al'ada ta hana uwa ambaton sunan ɗan farinta ko nuna ɗokinsa gaban mutane. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar mai haihuwar fari an riga an hore ta da ɓoyewa, har wadda ƙunci ya raba da jaririnta a kan yaba mata da kawaici.

Amsar da ta fi samu kuwa ita ce, "Ki yi haƙuri." Kalma ce mai daraja, amma sau da yawa da ita a ke rufe zance. Nahawu ya nuna mana bambancin da ke akwai: nasiha yi wa mutum a ke yi, shawara kuwa a kan yi ta da mutum. Wannan "da" ita ce tushen aikin. A ƙauyukan Rawalfindi ta Pakistan an koya wa mata ma'aikatan lafiya su riƙa ziyartar iyaye mata, su saurare su, su taya su gane tunanin da ke cutar da su, su kuma jawo miji da dangi cikin hidima. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna matan sun sami sauƙi ƙwarai, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da hanyar a littafin jagora. Mu kuwa muna da masu zama da mai jego tun asali, watau kaka da gwaggo da unguwarzoma, har kwana 40. Kunnen sauraro ne a ke bukata su ƙara. A birane, inda ma'aurata su ke nesa da dangi, nauyin ya kan faɗa wa miji, shi ma kuwa ƙuncin ya kan kama shi.

Akwai tambayoyi 10 da John Cox da abokan aikinsa suka tsara a Edinbara a 1987 don gano wannan ƙunci. Amfaninsu a kowace ƙasa ya dogara ga kalmomin da aka juya su da su, gama tambayar da ba ta yi kama da maganar mata ba, "lafiya lau" za ta samu. Saboda haka ina roƙon malaman kwalejojin horon malamai su sa ɗalibansu mata su tattaro maganganun masu jego na Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, kowace da ma'anarta a bakin mai ita, ba tare da rubuta sunan kowa ba. In an sami wannan, ma'aikacin lafiya zai san abin da zai tambaya, ita kuma mai jego ta sami abin da za ta kira ciwonta da shi ba tare da an ce ta haukace ba.