Al'adar Raya Tsohuwar Mota a Ƙasar Hausa

Daga cikin al'adun da zamani ya haifar a ƙasar Hausa, waɗanda ba a gāda daga kakanni ba amma suka zauna daram har suka sami ladubba da ƙa'idoji nasu na kansu, akwai al'adar mallakar motar fari. Domin kuwa in ka ɗebe 'ya'yan sarauta da 'ya'yan manyan attajirai, da wuya ka sami saurayi a Kano ko Zariya ko Maraɗi wanda ya soma da sabuwa fil, galibi sai dai ƙaramar tsohuwa wadda ta riga ta bi ta hannu uku ko huɗu, ya saye ta da illolinta, sa'an nan ya shafe watanni yana kai da kawowa tsakanin gareji da kasuwa har ta miƙe. Wanda bai san lamarin ba yakan ɗauka talauci ne kurum ya jawo haka. Lalle akwai ƙarancin abin hannu a ciki, amma ni a ganina akwai ilmi, da amana, da zumunci, waɗanda suka cancanci a rubuta su kafin su shuɗe.

Asalin abin ba shi da nisa. A shekarar 1975 aka soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a daidai lokacin da kamfanin Volkswagen ya buɗe nasa a Legas, ga kuɗin man fetur na shigowa, ga ma'aikata sun karɓi ƙarin albashin Udoji, ga kuma bashin mota da gwamnati ke ba ma'aikacin da ya kai wani matsayi. Saboda haka a wancan zamani malamin makaranta ma yana iya sa rai da sabuwar Beetle, babban akawu kuwa da 504. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai hankalin jama'a ya koma ga motocin da Turawa suka gama mora, waɗanda a lokacin ake lodowa daga Beljiyam da Jamus a sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Gaya da Birnin Ƙonni da Maraɗi har su shigo Arewa. Abin da ya sauƙaƙa wannan fatauci shi ne tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar maƙwabtanta masu bin tsarin Faransa, don haka sitiyarin motocin Turai ya dace da hanyoyinmu. Ta nan ne Golf da Starlet da Corolla da Civic suka cika garuruwa, kuma waɗanda 'yan kasuwa suka hau suka gaji da su, su ne ke gangarowa hannun samari.

Saurayi ba ya wayar gari ya ce zai sayi mota. Yakan soma da keke, ya koma babur, yana zubin adashi ko yana ajiya wurin maigidansa na kasuwa, wani ma har ya yi kiwon ɗan maraƙi ko raguna ya sayar gabanin Babbar Salla. In kuɗi suka taru, kafin ya nemi dillali sai ya nemi makanike, domin kowa ya san wanda ya tafi cinikin tsohuwar mota ba tare da makanikensa ba ya tafi ne da ido rufe. Duban da makanike ke yi wa mota kuwa ya yi kama da wanda dillalan dawaki na dā ke yi wa doki, su buɗe baki su dubi haƙora, su ɗaga kofato, su sa a zagaya da shi su ga tafiyarsa. Makanike zai ce a tayar da motar da sanyin safiya tun injin bai ɗumama ba, domin a lokacin ne ɓoyayyen ciwo ke bayyana. Ya zagaya baya ya dubi hayaƙin salansa, in shuɗi ne ya san tana shan baƙin mai, ringi ya mutu, in fari ne mai kauri wanda ba ya yankewa ya san ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza tsakanin yatsunsa. Ya bi jikinta yana ƙwanƙwasawa da bayan hannu, don ya ji inda ƙarfe ne da inda aka cike ramin hatsari aka rufe da fenti. Daga ƙarshe ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ya dubi ko tsatsa ta ci gindinta, abin da ya fi yawa ga motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara inda ake watsa gishiri a kan titi. Duk wannan yana yi ne fuskarsa a murtuke, ko da ya ga alheri ba zai nuna ba, kada mai mota ya tsauwala.

Sa'an nan a zauna ciniki bisa tsarin da aka saba: a taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani yana jan wannan gefe yana lallashin wancan, har a kai inda za a ce an sallama, a ba da kafin alƙalami, a ware la'ada, a rubuta takardar ciniki gaban shaidu tare da lambar inji da ta jikin mota. A nan ne ake gane wanda karatunsa na zaure ya amfane shi, domin malamanmu na mazhabar Malikiyya, tun daga Risala har zuwa Muhtasar, sun yi bayani filla-filla a babin ciniki cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma wanda aka sayar wa abu aka rufe masa aibinsa yana da zaɓin mayarwa. Akwai dattawan da har yanzu, kafin su karɓi kuɗi, sai sun lissafa wa yaro illolin motar ɗaya bayan ɗaya, su ce giya ta biyu tana ƙi, lagireto na yoyo, ka sani tun yanzu kada mu tsaya gaban Allah da kai. Akwai kuma masu zuba mai mai kauri don injin ya yi shiru na kwana biyu, su mayar da agogon tafiya baya. Waɗannan su ne suka sa kowane mai saye ke zuwa da zargi a zuciya, kuma haƙƙin marayu da masu ƙaramin ƙarfi da suka ci ba zai bar su ba.

Galibi motar ba ta isa gida ranar da aka saye ta. Gareji take wucewa, wani lokaci da ƙafarta, wani lokaci a ɗaure da igiya a bayan wata. Garejin kuwa fili ne ƙarƙashin darbejiya ko rumfar kwano, inda ƙasa ta yi baƙi da mai, amma a cikinsa akwai rabon aiki mai tsari wanda ba mai shiga hurumin wani: makanike na inji da giya da birki, mai wayarin na wuta, mai gyaran bodi da gudumarsa, mai walda, mai fenti, mai ɗinkin kujeru, ga mai faci can bakin titi. Kowannensu yana da yara waɗanda iyayensu suka kawo suka damƙa amana, yaro ya soma da wanke noti a cikin fetur da miƙa sifana, ya yi shekaru kafin a yarda ya kwance kafireto shi kaɗai, sai ranar da maigidansa ya gamsu ya yaye shi da addu'a da 'yan kayan aiki. Waɗannan mutane, waɗanda da yawansu ba su wuce makarantar allo ba, suna sanin ciwon inji da kunne, suna kuma sanin cewa motar Japan sifana 10 da 12 da 14 take so, ta Jamus kuwa 13 da 17, kuma ban ga dalilin da zai sa a ƙi kiran wannan ilmi ba.

Ladabin mai mota a nan shi ne ya zauna. Ba a ajiye mota a tafi, sai a zo da safe a sami benci, a sayi shayi ko ƙosai a ba yara, a kira babban da Maigida ko Oga ko da an girme shi, a yi haƙuri da gobe da jibi. In aka sauke injin aka buɗe, makanike zai lissafa abin da ake bukata, ya haɗa mai mota da yaro su tafi kasuwa, a Kano Ƙofar Ruwa, a Kaduna Panteka, inda ake tara gawarwakin motoci ana fiɗa ana jera sassansu. Kuma a can saurayi zai koyi darasin da ya saɓa wa hankali a farkon ji, wato tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga motar Beljiyam sau da yawa ya fi sabon jabu da ke cikin kwali mai ƙyalli. Da yake kuɗi ba sa isa a yi kome gaba ɗaya, aikin bin albashi yake yi ko bin ciniki: wannan wata a yi ringi, wata mai zuwa kuloci da birki, na bayansa taya biyu 'yan hannu. Kafin a gama, wanda ya zo bai san fulogi ba ya iya goge shi, ya iya ɗaure fanbel, ya san ƙarar da za a tsaya dominta da wadda za a ci gaba da tafiya.

Bayan gyara sai sauye-sauye, domin motar da aka ƙera don titunan Turai ba ta zama daidai da ƙasarmu sai an taɓa ta. Ana ɗaga ta da ƙarin roba ko sifirin mai ƙarfi don kada gindinta ya riƙa bugun ƙasa a hanyar ƙauye da damina. Ana sa lagireto mai faɗi saboda zafin bazara. An kuma daɗe ana cire na'urar da ke fesa mai da lantarki a mayar da motar kan kafireto, ba don ya fi kyau ba, sai don ko a ƙauyen da ya fi kowane nisa akwai wanda zai iya kwance shi ya busa ya mayar. Wannan hikima ce ta mai sanin inda yake zaune. Amma akwai abin da na ƙi a ciki, kuma ina faɗa da ƙaunar masu sana'ar: cire abin nan mai tsare ruwa har inji ya ɗumama, da haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyi daga tayarwa har kashewa, al'ada ce da ta bazu bisa zaton cewa inji mai sanyi shi ne lafiyayye, alhali maƙeransa sun yi shi ne ya yi aiki a wani zafi ƙayyadadde, in bai kai ba sai ya sha mai ya kuma ci kansa da wuri. Mafi muni shi ne mai kashe kuɗinsa a kan rediyo da ƙaho mai ruri da baƙin gilashi, birki kuwa sai ya taka sau uku kafin ya kama. Wannan ganganci ne da rayukan bayin Allah, ba tawakkali ba.

Ado shi ke zuwa ƙarshe. A yi fenti, mai ɗinki ya lulluɓe kujeru, a shimfiɗa ɗan kilishi mai gashi a gaban gilashi saboda rana, a rataya carbi a madubi, a ajiye darduma da buta a but, a manna Masha Allah a gilashin baya don kau da bakin mutane. Waɗansu kuma sukan ɓoye laya inda ido ba ya kai, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan haka, kuma yanzu an fi tsayawa ga addu'ar hawa abin hawa wadda ta zo a cikin Suratuz Zukhrufi.

Ranar da motar ta fito, ba abokai ake fara nuna wa ba. Ƙofar gidan mahaifi ake kai ta, saurayi ya shiga ya durƙusa ya ce, Baba, ga abin da Allah ya hore. Tsohon ya fito ya zagaya ta, ya dafa ta ya yi addu'a, ya yi masa nasiha a kan gudu da tafiyar dare, mahaifiya kuma ta leƙo daga soro ta sa albarka, sau da yawa da hawaye. Daga nan a kai wa malamin da ya karantar da shi, a kai wa maigidan kasuwa, a yi sadakar waina ko ƙosai ga almajirai, maƙwabta su yi ta zuwa suna cewa Allah ya sa a kashe lafiya, Allah ya tsare, Allah ya kawo wadda ta fi ta, ƙanne kuwa su nemi tukuici su rantse sai an zagaya da su unguwa.

Daga wannan rana motar ta zama ta jama'a, mai ita riƙo kurum yake yi. In naƙuda ta kama matar maƙwabci da tsakar dare ƙofarsa za a buga. In an yi rasuwa shi zai ɗauki dattawan da ba sa iya takawa zuwa maƙabarta. Ranar ɗaurin aure a wani gari mutum shida za su matsu a motar mutum huɗu, ranar kai amarya kuma ba a ma tambayarsa, gaya masa lokaci ake yi. Ba a biyansa, iyaka mai hali ya ce ga wannan a sa mai, shi kuma ya yi ta ƙi kafin ya karɓa. Wanda ya soma ɓoye makulli yana cewa ba ta da lafiya alhali lafiyarta ƙalau, unguwa takan gane, kuma sunan da zai samu ya fi kuɗin man tsada. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 wannan nauyi ya ƙaru ƙwarai, har waɗansu sun jingine motocin sun koma babur, ƙananan motoci marasa shan mai kuwa suka ƙara daraja a kasuwa.

Abin da ke yi wa al'adar barazana a yau shi ne motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ke tafiyar da su, ba a gane ciwonsu sai an jona na'ura, kuma dattijon da ya yi shekara arba'in yana sauraron inji yakan tsaya gabansu yana jiran yaro mai karatun boko ya karanta masa abin da allo ya nuna. Garejin da suka haɗa biyun, kunnen tsoho da na'urar yaro, su ne ke samun aiki.

Ita kuwa motar fari ba a cika daɗewa da ita ba. In hali ya ƙaru, ko iyali suka yi yawa, sai a sayar wa ƙane ko wani saurayin da ya gama nasa adashin, shi ma ya zo da makanikensa. Daga hannunsa ta koma ƙauye tana jigilar buhuna da awaki ranar kasuwa, har ranar da gyaranta zai fi kuɗinta. Sa'an nan 'yan gwangwan su saye ta a kan nauyi, a fiɗe ta a Panteka ko Ƙofar Ruwa, ƙofofi da fitilu da giya su hau kanta suna jiran wata irinta, baƙin ƙarfen a loda a kai kamfanonin narka ƙarfe, farin ƙarfen injin kuma maƙera su narka su zuba tukwane.